Ɓerayen da Na Sauya wa Lamba da Kunnen Yaya Saude

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a sa saƙon yadda na rubuto shi ko da ya yi tsawo. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ina roƙon ku ku bari ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, ba tausayi ba. Sunayen da za ku gani a ciki duk na canja su.

Ni mace ce, shekaruna talatin da huɗu, haifaffiyar cikin birni, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Mata. Shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta da ba zan faɗi sunanta ba. Ni ba likita ba ce, ba kuma malamar jami'a ba. Ni ce mai kula da dabbobin gwaji, in ba su abinci, in wanke kejinsu, in yi musu allura, in auna abin da aka ce in auna. A danginmu "mai kiwon ɓera" ake ce min, wasu a bayan idona, wasu a gabana suna dariya. A wurin aiki kuma ni ce "Malama, zo ki riƙe mana wannan." Ɗalibai nawa suka zo ba su iya riƙe ɓera ba, na koya musu, na yi musu rabin aikinsu, suka tafi da digiri? Kafin wannan abin, ko sau ɗaya ba a taɓa sa sunana a takardar bincike ba. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba, sai don ku san irin yunwar da ke cikina lokacin da abin ya zo.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don in ba haka ba ba za ku gane laifin ba. Akwai maganin ciwon daji da ake sa wa mutum ta jijiya, wanda ake ce wa kemo. Wani nau'insa yana kashe cutar sosai, amma yana cin kunne. Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa, a cikinsa akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, su ne suke kama sauti. Maganin yana kashe su, in kuwa sun mutu ba sa sake fitowa. Siririn sauti ne yake fara ɓacewa, daga baya maganar mutane ta bi. To shi ɓera ba zai ce maka ya ji ko bai ji ba, don haka sai mu yi masa allurar barci, mu kwantar da shi cikin wani akwati da aka lulluɓe cikinsa da soso don kada ƙarar waje ta shiga, mu soka masa wasu siraran allurai masu waya a ƙarƙashin fata, ɗaya a tsakar ka, ɗaya a bayan kunne, mu kai ɗan lasifika bakin kunnensa. In sauti ya shiga kuma ya ji, sai ka ga wani zane yana tashi yana sauka a kwamfuta. Sai in riƙa rage ƙarar a hankali har zanen ya kwanta. Ɓera mai lafiyar kunne, ko ƙarar ta yi ƙasa sosai zanensa yana motsi. Wanda kemo ya ci kunnensa, sai ka ƙure ƙarar kafin ka ga ya ɗan ɗaga. A duk sashenmu babu wanda ya kai ni iya karanta wannan zanen, har shi wanda nake aiki a ƙarƙashinsa. Zan kira shi Dakta.

Mahaifina kuma yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, yana sayar da citta da kanumfari da masoro da sassaƙe da saiwoyi. A wurin mahaifinsa ya gaji rumfar, ya kuma gaji wani haɗi na sassaƙe da ake jiƙawa a sha in kunne yana ƙara. Ba zan faɗi itatuwan ba, kada wani ya je ya nema. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana sai dai ya ce Uwata. Shi kaɗai ne bai taɓa yi wa aikina dariya ba. Duk Juma'a in na je gaishe shi sai ya tambaye ni, "Uwata, yaya mutanenki?" Ɓerayen yake nufi.

Ni na kai wa Dakta maganar haɗin nan da bakina, babu wanda ya sa ni. Ya ce yana neman wani abu na gida da za a gwada a gani ko zai kare kunne daga kemo, na ce ai Babana yana da wani jiƙo. Ya ɗago ya dube ni, ina jin ranar ce ya fara dubana sosai, ya ce, "Malama, in wannan abin ya yi, sunanki zai shiga takardar." Da na gaya wa Baba, da kansa ya zaɓi sassaƙen, ya shanya, ya daka, ya ƙulle a farin ƙyalle, ya ƙi yarda kowa ya kawo min sai da ya tako har gidana.

Ɓeraye talatin muka sa, farare, muka kasa su uku. Goma ba a ba su komai ba. Goma aka yi musu kemo kaɗai. Goma aka yi musu kemo kuma ina ɗura musu jiƙon Baba kowace safiya. Kowane ɓera da lambarsa da nake rubutawa a wutsiyarsa da alƙalamin maka. Da lokacin awo ya yi na fara da na kemo kaɗai, kunnensu ya tafi kamar yadda aka zata. Sai na zo kan na jiƙon Baba. Na kwantar da na farko ina addu'a a zuciyata, na kunna sauti, zane bai motsa ba. Na ƙara, bai motsa ba. Na ce ƙila allurar ce ba ta zauna ba, na zare na sake sokawa. Haka dai. Na biyu, na uku, na huɗu. Kwana biyu na yi ina aunawa. Bakwai daga cikin goman babu abin da ya raba su da na kemo kaɗai da ba su sha jiƙon ba, ukun ma da suka ɗan fi, ba wani abin kirki ba ne. Jiƙon bai kare komai ba. Na rubuta lambobin yadda suka fito a littafina mai koren bango, na kai wa Dakta.

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ture littafin gabana. Ya ce, "Ranar da kika auna waɗannan, janareta na aiki?" Na ce eh, amma ai akwatin a rufe yake, kuma sauran ma da janareta na auna su. Ya ce, "Kin san na'urar nan ta tsufa. Ni ban yarda da lambobin nan ba. Ki je ki sake dubawa da kyau. Mun riga mun gaya wa mutane muna da abu a hannu, kuma kin san takarda ba ta fita a kan abin da bai yi aiki ba." Na ce to in na sake suka fito haka fa? Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "To sai mu ce Allah bai yi ba, ki ba Baba haƙuri." Bai ce in canja komai ba. Wallahi bai faɗa ba. Amma ni na san abin da na ji, shi ma ya san abin da ya faɗa.

Juma'ar nan na je rumfa. Na tarar Baba ya riga ya gaya wa maƙwabtansa na layi cewa ana gwada maganin kakanmu a jami'a, kuma 'yarsa ce take gwadawa. Wani dattijo mai sayar da tasbaha har ya taso ya gaishe ni yana ce min Likita. Baba ya matso da kujera ya ce, "Uwata, ya ake ciki?" Fuskarsa kawai na kalla. Mutumin da ya yi shekara arba'in a rumfar nan masu boko suna wucewa suna yatsina, ga shi yau yana zaune ya miƙe wuya. Na ce, "Ana kan yi, Baba, amma da alamar nasara." Ƙaryar farko ke nan, kuma ta fito min da sauƙi har na ji tsoron kaina.

Ranar Litinin na shiga ɗakin dabbobi tun kafin kowa ya zo. Na ɗauko ɓeraye bakwai daga cikin waɗanda ba a taɓa yi wa kemo ba, masu lafiyayyen kunne. Na sa auduga da sifirit na goge lambobin wutsiyarsu, na rubuta musu lambobin na jiƙon Baba. Na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya na auna, zanen yana tashi yana sauka gwanin sha'awa, na ajiye shi a kwamfuta da sunan waɗancan. Hannuna bai ko yi rawa ba. Wannan ne yake ci min rai har yau, ina ma a ce na yi kuka ko na yi jinkiri. Na sayi sabon littafi na kwafe komai, tsohon mai koren bango na kai shi gida na tura ƙasan akwatin zannuwana. Da na kai wa Dakta sababbin lambobin bai tambaye ni yadda aka yi bakwai suka warke cikin kwana huɗu ba. Murmushi ya yi ya ce, "Kin gani ko? Na ce miki janareta ne."

Takarda ta fita. Sunana ne na ƙarshe a jerin mutum biyar, uku daga cikinsu ko ƙofar ɗakin ɓerayen ba su sani ba. Na buga shafin farko na kai wa Baba. Ba ya karanta Turanci, amma ya sa na nuna masa inda sunana yake, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba. Ya kai aka manne shafin da leda, ya rataye a rumfa saman buhun citta. Na ce wa kaina to mene ne? Sassaƙe ne, ba guba ba ne, shekara nawa ana sha bai kashe kowa ba. Takarda ce cikin dubban takardu da babu mai karantawa. Wa zai cutu? Haka na riƙa gaya wa kaina shekara guda da wani abu, har na fara mantawa.

Sai ciwo ya kama Yaya Saude. 'Yar wan Babana ce, ta girme ni da shekara goma sha biyu, gidansu na jikin namu, ita ta koya min karatun Alƙur'ani tun ina ƙarama, ita ta riƙe ni wata shida lokacin da mahaifiyata ta yi jinya. Malama ce a wata Islamiyyar matan aure a unguwarmu. Aikinta shi ne sauraro. Mata su zauna a gabanta suna kawo hadda, ita tana sunkuye ko littafi ba ta buɗewa, in mace ta karkata harafi ɗaya sai ka ji ta ce, "Koma." Matan suna cewa ko a bayan aji ka yi kuskure cikin raɗa sai ta kama ka.

Aka ce ciwon daji ne a bakin mahaifa, za a yi mata kemo. Da ta nuna min takardar asibiti na ga sunan maganin sai na gane shi ne dai wanda nake yi wa ɓeraye. Likitanta ya yi abin da ya kamata, ya gaya mata in ta ji kunnenta yana ƙara ko jinta ya ragu ta faɗa masa nan da nan, za su duba su ga ko za a rage ko a canja. Amma kafin a sa mata zagayen farko Baba ya riga ya kai mata jiƙo cikin jarka, ya ce mata, "Saude, ciwon na Allah ne, amma kunne kam ki kwantar da hankalinki. An gwada wannan, ga wadda ta gwada nan." Ina tsaye a wurin. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Bayan zagaye na uku na je duba ta da la'asar. Tana kwance a kan tabarma a tsakar gida, ta rame, gashinta ya zube ta ɗaura kallabi har goshi. Ta ce in matso. Ta ce, "Ƙanwata, kwana huɗu ke nan ina jin kamar gyare yana kuka a cikin kunnena, ba ya tsayawa. Jiya kuma Malam ya ce ya yi ta sallama ban amsa ba." Malam mijinta ke nan. Na san abin da wannan ƙarar take nufi fiye da kowa a unguwar nan. Gashin nan ne suka fara mutuwa. Ta ce, "Ina tsoron in gaya wa likita ya ce a dakata da maganin, ga shi an ce yana aiki. Ni kuma na ce ai ina shan na Baba. Ke kika gwada da hannunki. Ki gaya min tsakaninki da Allah, yana karewa?"

Tsakaninki da Allah ta ce. Ta riƙe hannuna. Abin da ya kamata in faɗa bai fi kalma biyar ba. Amma a daidai lokacin abin da ya zo min a rai shi ne shafin nan da ke rataye a rumfa, da yatsan Baba a kan sunana, da dariyar da dangi za su yi in aka ce mai kiwon ɓera ƙarya ta shirga. Ba kunnenta na tuna ba, kaina na tuna. Na ce, "An gwada, Yaya. Ya kare na ɓerayen." Ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. To zan daure, zai wuce."

Kada ku ce ban yi yunƙurin gyarawa ba, na yi, amma irin na matsorata. Washegari na kira ta na ce duk da haka gara ta faɗa wa likita, ai ba laifi. Ta yi dariya ta ce, "Ke da kika ce an gwada? Na ma ƙara yawan jiƙon, yanzu kofi biyu nake sha." Na sake cewa ta dai faɗa. Ta ce to, in ta tuna. Ban matsa ba. Me ya hana ni zuwa asibitin da kaina in sami likitan? Me ya hana ni gaya wa mijinta? Na san hanyar asibitin, na san ranar da ake sa mata maganin. Zama na yi ina lissafin cewa saura zagaye uku, ƙila abin ya tsaya iya nan, ai ɓeraye uku sun ɗan tsira. Na mayar da Yayata ɓera ta goma sha ɗaya, ina jira in ga yadda zanenta zai fito.

Ta gama kemo. Ciwon ya lafa, likitoci suka ce an ci nasara, aka yi sadaka aka yi murna. Bayan wata biyu ta koma Islamiyya. Wata Asabar na biya in kai mata saƙo, na tsaya a bakin ƙofar ajin ina jira ta gama. Wata mata tana kawo hadda, ta tsallake aya guda cur, ni da ba mahaddaciya ba na ji. Yaya Saude tana ta gyaɗa kai, ta ƙura wa bakin matar ido, ta ce, "Madalla, ci gaba." Matan suka kalli juna. Wata a baya ta rufe baki da mayafi. Na juya na fita ban ba da saƙon ba. Bayan sati uku ita da kanta ta ajiye aikin. Ta ce min, "Ba zan zauna ana karanta littafin Allah ba daidai ba a gabana ina cewa madalla. Sin da sad duk ɗaya suke zo min yanzu."

Ni na raka ta awon kunne, don ta ce ni ce na san kan abin. Aka sa ta a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mata abin sauraro a kunne, aka ce ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji sauti. Ina kallon ta ta gilashi. Mai awon yana danna na'ura, ita tana zaune ta nutsu tana jira, hannunta a kan cinya. Yana ƙara ƙara, tana jira. Da ya miƙo takardar ban buƙaci ya yi min bayani ba. Layin ya taho daidai, da ya iso wajen siraran sautuka sai ya gangara ƙasa, kunne biyun duka. Irin wannan na rubuta sau bakwai a littafina mai koren bango. Ya tambaye ta ko ta ji ƙara a kunne lokacin kemo, ta ce eh. Ya ce me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce ta ɗauka zai wuce. Ko kallona ba ta yi ba, don a ranta babu abin da ya haɗa ni da wannan.

Ban sani ba ko da ta faɗa likita zai canja maganin. Ƙila ya ce rai ya fi kunne a ci gaba. Ƙila ya rage, ta tsira da rabin jinta. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne da ita da likitanta ne suke da hakkin yanke wannan shawarar, ni kuma na ƙwace ta daga hannunsu don in tsare sunana a ƙarshen wata takarda.

Kun san abin da ya fi ƙona min rai? Godiya take min. A cikin adaidaita muna dawowa daga awon, ta dafa gwiwata ta ce da ƙarfi, don yanzu ba ta san tana ɗaga murya ba, "Allah Ya saka muku ke da Baba. Da ban sha jiƙon nan ba da yanzu ko tsawa ba na ji." Haka take gaya wa duk wanda ya zo gaishe ta. Matan da take haɗuwa da su a layin asibiti in ta je a duba ta, tana kwatanta musu rumfar Baba. Yanzu a sati sai mutum biyu ko uku sun zo Kurmi suna tambayar mai maganin kunnen kemo. Baba yana nuna musu shafin da ke rataye. Talakawa ba ya ma karɓar komai a hannunsu, ya ce sadaka ce ga mahaifinsa.

Na taɓa gwada yi masa magana. Na ce, "Baba, don Allah duk wanda ya zo ka riƙa ce masa in ya ji ƙara a kunne ya gaya wa likita, kada ya dogara da jiƙo kaɗai." Ya dube ni ya ce, "Uwata, akwai wani abu ne?" Na ce babu, ƙa'ida ce kawai. Ya ce, "To zan riƙa faɗa. Amma ni ba na shakkar abin da ya fito daga hannunki." Yana da hawan jini, shekarunsa saba'in da ɗaya. Na ce masa rana ta yi zan tafi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, makon jiya Dakta ya kira ni ofis. Ya ce yana shirya takardun neman izini a gwada jiƙon a kan marasa lafiya masu karɓar kemo, kuma takardarmu ce hujjarsa. Ya ce in fara shirin haɗa jiƙo mai yawa, in yi wa Baba magana. Na rufe ƙofa na ce, "Dakta, lambobin nan na biyu akwai matsala a cikinsu, kuma ina jin ka sani." Bai ko girgiza ba. Ya ce, "Wace matsala? Ni abin da kika kawo min shi na gani. Ni na auna? Na taɓa riƙe ɓera a gabanki? Kowane shafi sa hannunki ne a kai." Na ce amma ai kai ka ce in sake dubawa. Ya ce, "Na ce ki sake dubawa, ban ce ki yi wani abu ba. Malama, ki yi tunani da kyau kafin ki faɗi maganar da ba za ki iya mayarwa ba. Ni ina da inda zan tsaya. Ke fa?" Sannan ya ɗauki wayarsa ya ce in ja masa ƙofar in na fita.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na tsane shi, na kuma fi tsanar kaina. Da takardar nan aka ƙara masa girma, ana gayyatarsa taro yana magana a kan maganin gargajiya. In abin ya fashe zai ce ma'aikaciya ce ta yaudare shi, a tausaya masa, ni a kore ni, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukata. Shekara tara ina wanke kashin ɓera, abin da zan fita da shi ke nan. Wannan ma zan iya ɗauka. Amma Baba fa? Mutumin da bai yi ƙarya ba, ya tsaya a gaban 'yan layinsu da marasa lafiya ya ba da shaida da sunana. Yaya zai shiga Kurmi washegari? Wa zai sauke shafin nan daga bango, shi ko ni? Yaya Saude kuma, in zan gaya mata sai na ɗaga murya, ko in zauna a gabanta ta kalli bakina ina furta cewa ranar da ta ce tsakanina da Allah, ƙarya na yi mata.

In kuma na yi shiru, za a tara mata irinta a ba su jiƙon da na san ba ya komai, a ce musu an gwada. Wasu za su ji ƙara a kunnensu su daure kamar yadda ta daure.

Tsohon littafin mai koren bango yana nan a ƙasan akwatina, ban ƙona shi ba, ban kuma nuna wa kowa ba, ko mijina bai san da shi ba. Na yi tuba iya yadda na sani, amma malamai sun ce hakkin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, ita kuwa ba ta ma san akwai abin yafewa ba. Wa zan fara fuskanta, hukumar makaranta, ko Baba, ko ita? Akwai hanyar da zan tsayar da gwajin nan ba tare da na kashe tsohon nan da baƙin ciki ba? Dakta ya ce ranar Litinin mai zuwa yake son in kawo masa amsar Baba.

Don Allah ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci. Me zan yi?